Ganga Mai Haƙora Ba Maganin Kowane Katako Ba Ce

Cikin shekarun nan wata magana ta zama ruwan dare a tsakanin kafintoci masu aiki da injin share katako: wai duk wanda bai cire dogayen wuƙaƙen injinsa ya sanya ganga mai murɗaɗɗun haƙora ba, zamani ya bar shi a baya. 'Yan kasuwa sun yi ta nanata zancen har ya zama kamar karatun da ba a ja da shi. Alhali kuwa akwai abin ja a cikinsa, kuma mai yawa.

Da farko a ba gangar haƙƙinta. A injin da aka saba da shi, kamar DeWalt DW735 mai faɗin inci 13, wuƙaƙe uku ne miƙaƙƙu ke sarar katako, kowace tana dukan faɗinsa gaba ɗaya a lokaci guda. Ita kuwa sabuwar ganga, irin Shelix ta kamfanin Byrd da ke jihar Kentaki a Amurka, gommai na ƙananan haƙoran kabaid ne aka jera mata a murɗe, kowane da baki huɗu. Idan baki ɗaya ya dakushe ko ya ci karo da ƙusa, sai a kwance haƙorin nan kaɗai, a juya shi zuwa sabon baki. Ƙara tana raguwa ƙwarai, domin babu sauran dukan nan na lokaci guda. Kuma a katakon da jijiyarsa ta sarƙe, irin su sapele da maɗaci, inda miƙaƙƙiyar wuƙa kan ɓantare fuska ta bar ramuka, haƙorin da ke shiga a karkace yakan yanka lafiya. Ga kuma iroko, wanda wani lokaci yake ɓoye dunƙulen ma'adini mai tauri a cikinsa, ya cinye bakin wuƙar ƙarfe tun aiki bai yi nisa ba. Mai sarrafa irin waɗannan itatuwa kullum, kuɗinsa ba su tafi a banza ba.

To amma kafintoci nawa ne ke cikin wannan hali? Wanda yawancin aikinsa a kan farin katako ne mai laushi, mai miƙaƙƙiyar jijiya, an sayar masa da maganin ciwon da ba ya damunsa. Wuƙar ƙarfe da aka wasa da kyau ta fi kabaid kaifi. Abin da kabaid ya fi ta shi ne daɗewa. Saboda haka sabuwar wuƙa kan bar fuska mai santsi a katako mai laushi, yayin da haƙoran kan bar siraran layuka a tsawon katakon, waɗanda sai an bi su da samfefa kafin a shafa fenti ko man ƙyalli. Masu talla sukan ce layukan ba su da zurfi. Gaskiya ne, amma samfefa ba ta goge kanta, kuma lokacin kafinta kuɗi ne.

Babban abin da ake rufewa shi ne batun ƙarfi. Miƙaƙƙun wuƙaƙe suna sara ne su saki, injin ya sami ɗan numfashi tsakanin sara da sara. Gangar haƙora kuwa ba ta rabuwa da katako, a kowane lokaci akwai haƙorin da ke ciki. A babban injin masana'anta wannan ba komai ba ne. A ƙaramin inji mai jan amfiya 15, wanda dama yana aiki ne a bakin iyakarsa, sakamakon shi ne zafi da yawan katsewar wuta. Dole mai shi ya rage zurfin kowane yanka, ya ƙara yawan zagayen da katako zai yi. Wanda shagonsa ke tafiya da janareta ya san ma'anar wannan a farashin mai. Sa'an nan kuɗin gangar kan kai rabin kuɗin injin ko ya zarce, ban da wahalar kwance shi a sauya boris, aikin da kuskure kaɗan ke lalata shi.

Akwai kuma wasa da suna. Ba duk gangar da aka kira murɗaɗɗiya ce ke yanka a karkace ba. A wasu, jerin haƙoran ne kawai ya murɗe, amma kowane haƙori yana fuskantar katakon ne kai tsaye, kamar guntuwar miƙaƙƙiyar wuƙa. Mai saye ya biya kuɗin yankan karkace, ya koma gida da rabin amfanin.

Haka nan gangar ba ta hana ɗan ramin nan da inji kan ci a farkon katako da ƙarshensa, domin wannan daga na'urorin da ke danne katakon yake zuwa da kuma rashin abin tallafa shi, ba daga wuƙa ba. Ba ta kuma yafe ƙazanta: ɗan ƙwayar dusa ko danƙo da ya maƙale a ƙarƙashin haƙori ɗaya lokacin juya shi ya isa ya ɗaga shi sama da 'yan'uwansa, ya riƙa zana layi a kowane katako, ko ma ya fashe idan aka ɗaure shi da ƙarfi.