Filin Manoma da Makiyaya: Laimar Kwaɗi, Ba Kowace Ake Ci Ba

Damina ta zauna. Daga watan Yuli zuwa Satumba, kwana biyu ko uku bayan ruwa mai yawa, laimar kwaɗi takan fito. Wasu na ce mata naman kaza. Ana ganinta a dajin Ɗan Kada Dodo da na Ɗan Gado cikin ƙasar Agye, da ƙarƙashin goruba a Gulbin Kaba wajen Gazawa, da dajin Baban Rafi ta gefen Gidan Runji. Ana ganinta ma cikin gona. A garuruwa irin su Ɗan Saga, inda manoma suka riƙe sassaben zamani, itatuwa sun dawo. Inuwa da ruɓaɓɓen ganye kuwa su ne abin da take so.

Laimar kwaɗi ba ciyawa ba ce. Ba ta da ganye, ba ta fure. Ainihin jikinta wasu zaruruwa ne farare, siri-siri, da ke cikin ƙasa ko cikin ruɓaɓɓen itace. Su ke cin karmami da kashin bisashe su mai da su taki. Abin da ke fitowa sama ɗanta ne kawai, mai ɗauke da iri. Irin nan ƙura ce mai laushi ƙwarai, iska ke watsa ta.

Yawancin Hausawa ba su saba cinta ba. Amma watan Agusta wata ne na wuya. Rumbu ya yi ƙasa, hatsi bai nuna ba, mata na neman tafasa da rama da yaɗiya. Yaran da ke kiwo su ma sukan tsinci abin da suka gani su gasa. Ga kuma labari na zuwa cewa a wasu ƙasashe cimaka ce mai tsada. Labarin gaskiya ne, amma rabinsa ne.

A yammacin Nijar, wajen dajin W, Gurmawa na cin wasu iri tun kaka da kakanni. A shekarar 2010 wani masani ɗan Nijar, Umaru Hama, tare da abokan aikinsa, suka rubuta bayanin wani iri da ake ci a Nijar da Burkina Faso da Tanzaniya. Kafin nan babu shi cikin littattafan masana. Suka sa masa suna Agaricus subsaharianus. Yana da farar hula mai ɓawo-ɓawo, da zobe a jikin kara. Ƙarƙashin hular akwai layuka a jere kamar shafukan littafi. In ya girma, shafukan nan sukan koma ruwan ƙasa mai duhu.

To, ga inda haɗarin yake. Akwai wata mai dafi da ke kama da shi. Masana na kiranta Chlorophyllum molybdites. Ita ma fara ce, mai ɓawo-ɓawo a hula, mai zobe a kara. Takan yi girma, wani lokaci hularta ta kai faɗin faifai. Tana son fili mai ciyawa da wurin da shanu suka kwana, wato daidai inda makiyayi ke yini. Sau da yawa takan fito da yawa a kewaye, kamar an dasa. In ta tsufa, shafukanta na komawa kore-kore, kamar ruwan kududdufi. Amma tana ƙarama farare ne fes, babu alamar kore ko kaɗan. A nan ne take yaudarar mutane, don ƙaramar ce ta fi ban sha'awa. Kama da wane ba ta wane.

Akwai hanyar dubawa da ba ta cin ko dala. A tono laimar da wuƙa, har gindinta, kada a karya ta. A yanke hular, a kife ta bisa takarda. Shafi guda na littafin rubutu ya isa. Yana da kyau a goga gawayi a rabin takardar, don farar ƙura ta fito fili. A rufe da ƙoƙo, a bari ta kwana inda yara ba su kai hannu. Da safe a ɗaga. Ƙurar irin za ta zuba ta bar zane. In zanen kore ne, mai dafi ce, babu shakka. In fari ne, a yi nesa da ita, don waɗanda suka fi kisa a duniya farar ƙura ke gare su. In ruwan ƙasa ne, wannan kaɗai bai isa izinin ci ba. Takarda na iya nuna mugu, amma ba ta iya wanke kowa. Bayan an gama a wanke hannu da wuƙa da sabulu.

Wani iri kuma a jikin suri yake fitowa. Gara ce ke nomansa cikin gidanta, don abincinta ne. Hularsa na da tsini a tsakiya, kuma yana da doguwar saiwa da ta nutse har cikin gidan garar. A ƙasashen Afirka da yawa shi ne aka fi ci. Sai dai ba duk abin da ya tsiro kusa da suri ne shi ba. Tumukun suri ma daban ne: shi ba ya buɗe laima, yana tsaye kamar kulki, in ya bushe cikinsa baƙar ƙura ce. Wasu na barbaɗa ƙurar ga rauni. Ruwa mai tsabta da sabulu sun fi, sannan gidan likita.

Mai tauri da ke manne a gindin itace kamar faranti, shi ba a ci. Amma alama ce cewa cikin itacen na ruɓewa. Kada a ɗaure dabba ƙarƙashinsa ranar iska.

Mutane na faɗin dabaru iri-iri. Wai in akuya ta ci, mutum ma na iya ci. Wai in tsutsa ta shiga, babu dafi. Wai in an tafasa da kanwa an zubar da ruwan, dafin ya tafi. Duk ba abin dogara ba ne. Cikin akuya daban, cikin mutum daban. Mafi munin dafin kuwa wuta ba ta kashe shi, shanya ba ta kashe shi, kuma ba shi da ɗaci. A shekarar 2018, bayan ruwan sama mai yawa a yammacin ƙasar Iran, fiye da mutum 1000 suka kwanta saboda laimar da suka tsinto a daji, wasu suka rasu. Da yawansu sun zaci irin da suka saba ci ne.

Saboda haka sharaɗin guda ne. Wanda bai gaji sanin wani iri ba daga mutanen da suka daɗe suna cinsa, ya bar shi inda yake. Hoto cikin waya bai isa ba. Uwaye su gaya wa yara masu kiwo wannan da baki, tun kafin su fita.

In tsautsayi ya faɗa, a lura da lokaci. Mai koren shafi takan kawo amai da zawo da murɗar ciki cikin awa 1 zuwa 3. Babban mutum yakan tashi bayan kwana ɗaya ko biyu, amma ƙaramin yaro ruwan jikinsa na iya ƙarewa. Mai cin hanta ita ba ta gaggawa. Sai bayan awa 6 zuwa 24 ciwon ke farawa. Bayan nan mutum ya ji sauƙi, a zaci ya warke, alhali hanta na lalacewa. Kwana uku ko huɗu idanu su yi rawaya. Don haka ko an ga sauƙi, kada a zauna gida.

A kai duk wanda ya ci gidan likita mafi kusa, har waɗanda ba su fara amai ba. A tafi da sauran laimar cikin takarda, ko da guntu ne, ko ragowar miyar. A gaya wa likita ƙarfe nawa aka ci, da ƙarfe nawa ciwon ya fara. Bisa hanya, in marar lafiya na iya haɗiya, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.