Amosanin gaɓɓai: Matan karkarar Maraɗi na buƙatar bidiyon likita da Hausa

A ƙauyukan Gidan Sori, da sauran garuruwan Gidan Rumji, Agye da Gazawa, kusan duk ciwon gaɓa sunansa ɗaya: sanyi. Tsohon da gwiwarsa ta gaji sanyi ne, matashiyar da yatsunta suka kumbura ita ma sanyi ne. Wannan kuɗin goro da ake yi wa ciwon yana jawo asarar hannuwa, domin a cikinsa akwai amosanin gaɓɓai, wanda ba tsufa ke kawo shi ba. Garkuwar jiki ce ke juyawa ta riƙa cin gaɓoɓin mai ita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne ke fama da shi a duniya, kuma kusan kashi 70 cikin 100 mata ne. Yakan fara da ƙananan gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu, dama da hagu lokaci guda, sannan mutum ya tashi da safe hannuwa sun sandare na tsawon awa ɗaya ko fiye. Ga macen da aikinta shi ne daka, surfe, jan guga a rijiya da matsar man gyaɗa, hannu shi ne jari.

Likitoci sun yi ittifaƙi cewa watannin farko su ne zinariya. Idan aka fara magani da wuri, ana iya hana gaɓoɓin lanƙwashewa. Idan suka riga suka karkace, babu ƙwayar da za ta miƙar da su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bidiyoyin wayar da kan masu wannan ciwo sun cika YouTube, amma galibinsu da Turanci ko Faransanci ne, an kuma shirya su ne don mai firji da injin wanki. Takardar bayanin da ke cikin kwalin magani ba ta da amfani ga wadda ba ta yi boko ba. Abin da ke isa wayarta da Hausa shi ne tallan masu maganin da ke warkar da cuta arba'in da kwalba ɗaya.

A wannan giɓi ne masu tallan ƙwayoyi a kasuwannin ƙauye ke cin karensu babu babbaka. Deksa da diklofenak suna kwantar da zafi nan take, shi ya sa ake yabonsu. Amma shan deksa wata da watanni ba da umarnin likita ba yana kawo ciwon suga, hawan jini da raunin ƙashi, diklofenak kuma yana iya haddasa gyambon ciki ya taɓa ƙoda. Ciwon kuwa yana nan yana cin gaɓa a ɓoye.

Maraɗi ba ta rasa masu iya wannan aiki ba. Akwai babban asibitin ƙwararru na birnin, akwai tsangayar koyon likitanci a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Likita ɗaya, ɗalibai biyu da waya mai kyamara sun isa a shirya bidiyoyi biyar na minti uku-uku: alamomin ciwon, haɗarin ƙwayoyin kasuwa, motsa yatsu da ruwan ɗumi da safe, dabarun rage wa hannu nauyin aiki, da yadda ake shan magani. Na ƙarshen nan batun rai ne, domin methotrexate, maganin da aka fi farawa da shi, sau ɗaya ake sha a mako. An samu waɗanda suka mutu a ƙasashe daban-daban saboda sun sha shi kullum bisa kuskure. Kuma haramun ne ga mai ciki ko mai neman ciki, bayanin da ya zama wajibi a yankin da haihuwa ke da yawa.

Wasu za su ce intanet ba ta kai ko'ina ba. Gaskiya ne, amma waƙoƙi da finafinan Kano sun shiga kowane lungu ta katin memori da shagunan cajin waya. Hanyar da ta kai fim za ta kai likita. Gidajen rediyon al'umma kuma suna iya watsa muryar ga marasa babbar waya.

Bidiyo ba zai auna jini ba, ba zai rubuta magani ba. Aikinsa ya sa mace ta nufi asibiti a wata na biyu maimakon shekara ta biyar. Matasan da ke Yamai, Kano, Abijan ko Aljeriya suna aiko da kuɗin magani duk wata. Kafin aike na gaba, ya kamata su tambayi iyayensu mata sunan ƙwayar da suke sha da wanda ya rubuta musu ita. Ranar 12 ga Oktoba ce ranar ciwon gaɓɓai ta duniya, kuma hukumar lafiya ta jihar Maraɗi na iya ɗaukar ta a matsayin wa'adin fitar da bidiyon farko.