Sunan Ƙanjamau da Shekarun da Yake Ɓoyewa

Hausawa sun raɗa wa wannan cuta suna ne daga abin da idanunsu suka gani: mutum ya rame, ya ƙanjame, ya zama fata da ƙashi. Sunan bai yi ƙarya ba, sai dai ƙarshen ciwon kawai ya faɗa. A ganinmu wannan giɓin yana cikin abubuwan da ke cinye rayuka a Jega, Aliero da Maiyama, inda har yau ake auna lafiyar mutum da ƙibarsa.

Ƙwayar HIV, wadda aka gano a Faransa a 1983, ba nama take fara ci ba. Ƙwayoyin jini masu suna CD4 take nufa, su ne kuwa jagororin garkuwar jiki. Tana kutsawa cikinsu, ta cusa ƙwayar halittarta cikin tasu, ta mayar da su gidan haihuwarta. Mako 2 zuwa 4 da kamuwa, akan yi zazzaɓi, ciwon maƙogwaro da kaluluwa. A wajenmu sai a ce sauro ne, a sha magani, ya lafa. Daga nan shiru ya biyo baya, wani lokaci har shekara 10. Mutum na noma, yana fatauci, yana aure, alhali ƙwayoyin CD4 na zagwanyewa. Mai lafiya yana da 500 zuwa 1,500 a ma'aunin likitoci. In suka gaza 200, katanga ta faɗi: tarin fuka, gudawa mai naci da farin kurajen baki su shigo. Wannan matakin na ƙarshe kaɗai ne ƙanjamau.

Kasuwar Jega da ta albasa a Aliero suna tara fatake da direbobi daga nesa. Jami'ar Aliero na tara matasa. Maiyama na bakin hanyar Yawuri. Galibin masu ɗauke da ƙwayar a irin waɗannan wurare ba ramammu ba ne. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ita. Ƙarancin adadin ba hujjar sakaci ba ce.

Magani ya samu. Wanda ya fara shi da wuri, ya kuma dage kullum, garkuwarsa na farfaɗowa, ƙwayar ta ragu har awo ya kasa ganinta, a wannan hali kuma ba ya sa wa matarsa ta hanyar auratayya. Mai juna biyu ma na iya kare jaririnta.

Saboda haka muna kira ga limamai, sarakuna da gidajen rediyo su raba kalmomin biyu: a ce "mai ɗauke da ƙwaya mai karya garkuwa", a bar "ƙanjamau" ga wanda ciwo ya kwantar. Waliyyai su nemi awon jini ga ango da amarya duka, musamman a auren zawarci da ƙarin aure, a kuma riƙe sirrin sakamakon. Ido ba mudu ba ne. A wannan cuta ko kima bai sani ba.