Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano kan Lafiyar Masu Aikin Ƙarfi a Kademi

Mai Girma Kwamishina,

Wannan wasiƙa tana jawo hankalin Ma'aikatar ga masu injin niƙa da masu feshin gona a Kademi da ƙauyukan Gaya da Ajingi, waɗanda sana'arsu ke cin lafiyarsu sannu a hankali. Mai niƙa kan wuni fari fat da ƙurar gari har gira, cikin ƙarar da idan ta kai desibel 85, wato ma'aunin ƙarfin sauti, na awa 8 kullum, takan kurmantar da mutum.

Ana roƙon Ma'aikatar ta wadata asibitocin yankin da na'urar auna huhu, wadda ake hurawa ta nuna yawan iskar da ƙirji ke fitarwa, da ta gwajin ji, da kayan gwajin jini masu gano gubar maganin ƙwari a jikin mai feshi, sannan ta horar da masu sarrafa su. Annobar gubar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400, ta nuna tsadar jinkirin gwaji.

Allah ya yi jagora, amin.

Daga wani mazaunin Kademi.