Kunya da Haƙuri a Ɗakin Ba da Shawara: Darasi daga Shagari

A watan Afrilu na shekarar 2022 kwalekwale ya kife da mutanen Gidan Magana a Ƙaramar Hukumar Shagari, fiye da mutum 20 suka rasu, mafi yawansu yara da matasa. An yi jana'iza, masu ta'aziyya suka ba da haƙuri suka watse. A ƙaddara cewa cikin iyayen akwai wadda ɗanta na fari ne ya tafi, kuma bayan watanni barci ya ƙaurace mata, abinci ya fita ranta. Idan dangi suka kai ta Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, ta wace hanya mai ba da shawara zai tunkare ta?

Manyan hanyoyin da ake koyarwa a wannan fage uku ne. Ta Sigmund Freud tana tono abin da ya kwanta a zuciya tun ƙuruciya, majinyaci ya faɗi duk abin da ya zo bakinsa ba tare da tacewa ba. Ta Carl Rogers, wadda ya shimfiɗa a littafinsa na 1951, ta ginu a kan sauraro ba tare da yanke hukunci ba, majinyaci shi ke jan ragamar zance. Ta Aaron Beck kuwa, wadda ta kafu a shekarun 1960, tana zaƙulo gurɓataccen tunani ta auna shi da hujja har ya gyaru. Dukkansu sun ɗauka cewa mutum zai buɗe cikinsa ga baƙo, ya kira abin da ke damunsa da sunansa.

A nan gizo ke saƙa. A al'adar Hausawa da Fulanin wannan yanki, uwa ba ta ambaton sunan ɗan fari, ba ta nuna ƙaunarsa a bainar jama'a. Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki, ya lissafa kunya da haƙuri cikin siffofin da Bahaushe ke auna kamala da su. Almajirin Freud zai iya ɗaukar shirun wannan uwa a matsayin turjiya, na Rogers ya yi ta jiran zancen da ba zai zo ba, alhali ita tarbiyyarta take kiyayewa.

Gyaran yana wajen harshe da kuma bakin da maganar za ta fito. Thomas Adeoye Lambo ya gwada haka a Aro ta Abekuta tun 1954, inda majinyata suka zauna cikin ƙauye tare da danginsu. A Zimbabuwe, Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su saurari masu damuwa a kan benci, da kalmar Shona mai ma'anar yawan tunani. Ƙasar Sakkwato tana da nata tushen, domin jajin 'Yan Taru da Nana Asma'u ta tsara suna shiga ƙauyuka su zauna da mata. Malamar Islamiyya ko ungozoma da aka horar za ta ji abin da uwar ba za ta gaya wa likita namiji ba. Sharaɗi shi ne ta san iyakarta, ta tura ciwo mai tsanani asibiti da wuri, kada a ɓata watanni ana jingina shi ga iska.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba ta ƙirƙira kalma. Har yau damuwa, ƙunci, zullumi, firgita da taɓin hankali suna cakuɗe a bakin ma'aikatan lafiya, kalmar hauka kuma tana korar iyalai daga asibiti. Manazarta Hausa sun taɓa irin wannan aiki, domin a 1990 aka fitar da keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi ƙarƙashin editancin Ɗalhatu Muhammad. Ya kamata Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya haɗa kai da likitocin Kware, a tattara yadda mutanen Shagari da Boɗinga ke bayyana ciwon zuci da bakinsu, a tantance ma'anonin, sannan a gina horon masu ba da shawara a kansu.