Gargaɗi ga 'Yan'uwa a kan Cacar Zaɓe

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wagga takarda ta fito daga ɗan'uwanku mai makarantar allo a Shanga, zuwa ga malamai da almajirai na ƙasar Yawuri, tun daga Yelwa har Ngaski da ƙauyukan bakin ruwa.

Ku sani, ya 'yan'uwa, a ƙasar Amurka an buɗe wata irin kasuwa wadda ba a kasa hatsi ko kifi a cikinta, hajarta ita ce abin da zai faru gobe. Majalisar wakilansu kujera 435 ce, ana sake zaɓenta kowace shekara biyu. Sai a fid da takarda a ce wane zai ci kujerar gunduma kaza. Wanda ya saye ta, in wanen ya ci a ba shi dala guda, in ya faɗi kuɗinsa sun halaka. Dala kashi 100 ce, kamar yadda naira take kwabo 100. To in takardar ta kai kashi 70, sai su ce kasuwa ta ba wane rinjaye 70 cikin 100. Manyan masu wanga aiki su ne Kalshi da Polymarket. Hukumar da ke tsaron irin wanga ciniki ta hana Kalshi, sunka kai ƙara, alƙali ya ba su gaskiya cikin Satumba 2024, anka shiga saye da sayarwa kafin zaɓen Nuwamba.

Kada wani ya ce Amurka da nisa. Wayar hannu ta naɗe tafiya, kuma samarinmu sun riga sun saba da cacar ƙwallo a cikinta. Mu ma muna da kujera, ta Yawuri da Shanga da Ngaski, ɗaya daga cikin 360 na majalisar wakilai a Abuja. Yusuf Tanko Sununu ya ci ta a 2023, ya bar ta ya zama minista, anka sake zaɓe ran 3 ga Fabrairu 2024. Ga zaɓen 2027 kuwa tafe. Domin haka na ga ya wajaba in yi magana tun ruwa bai kai wuya ba.

Na farko, wanga abu caca ne, ko da an canja masa suna. Mutum biyu sun sa dukiya, ɗaya ya kwashe, ɗaya ya tashi hannu wofi, ba noma, ba su, ba fatauci. Shi ne maisir wanda anka haramta tare da giya da kiban ƙuri'a a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. In sun ce ai ciniki ne, to ku koma ga Risala ta Ibnu Abi Zaid, babin ciniki. Ba ku ga ya hana sayar da kifin da ke cikin gulbi ba, da ɗan da ke cikin cikin uwarsa? Kowane masunci a Kainji ya san kifi yana nan cikin ruwa, duk da haka garari ya ɓata cinikinsa. Ina ga kujerar da ba a ko kaɗa ƙuri'arta ba?

Na biyu, masu kāre kasuwar suna cewa wanda ya sa kuɗinsa ba ya yaudarar kansa, saboda haka farashinta ya fi jita-jita gaskiya. Ba na musun kirdado. Manomi na duban hadari, mai jirgi na duban iska, ba wanda ya ce sun yi duba. Amma a 2016 masu caca sun rinjayar da cewa Ingila za ta zauna cikin ƙungiyar ƙasashen Turai, sai mutanenta sunka zaɓi fita. Cikin shekarar kuma sun ba Hilari Kilinton rinjaye, ta faɗi. A 2024 wani Bafaranshe shi kaɗai ya zuba fiye da dala miliyan 25 a kan ɗan takara guda, ya kuwa dace. To a ƙaramar gunduma irin tamu, inda masu saye kaɗan ne, attajiri guda ya isa ya ɗaga farashin gwaninsa da kuɗi ƙalilan. Sa'an nan a bi kasuwanni ana cewa an riga an ci zaɓe, talaka ya ce wahalar me zan yi, ya zauna gida.

Na uku shi ya fi tsorata ni. Ƙuri'a shaida ce, mai kaɗa ta yana shaida cewa wane ya cancanci amanar jama'a. Malamanmu na Malikiyya sun ce ba a karɓar shaidar wanda ke jawo wa kansa amfani da ita. Wanda ya sa kuɗinsa a kan azzalumi, ran zaɓe shi zai zaɓa, ya ja matansa da ƙannensa, domin kada kuɗin su nutse. In mai ƙidayar ƙuri'a ma ya sa nasa fa? An ba kura ajiyar nama ke nan.

Saboda haka ina roƙon malamai su bayyana hukuncin wanga abu a majalisun karatu da huɗubobin Jumma'a. Almajirai manya masu riƙe da waya, in wani ya nuna muku farashin ɗan takara, ku tambaye shi aikin ɗan takarar: me ya yi a kan hanya da asibiti, da jiragen ruwan da ke kifewa da mutanenmu? Da wannan ake auna wakili. Wanda ya riga ya shiga, ya tuba, ya karɓi uwar kuɗinsa kaɗai in ta samu, ya fid da ribar daga dukiyarsa.

Allah Ya tsare mu da cin haram, Ya ba ƙasarmu shugabanni masu adalci. Wallahu a'alamu. Wassalam.