Daga kujerar banki zuwa lemar POS: ina aikin kuɗi ya koma?

A watan Maris na 2024 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya umarci bankuna su ƙara jari: Naira biliyan 500 ga mai hulɗa da ƙasashen waje, biliyan 200 ga na ƙasa, biliyan 50 ga na shiyya, wa'adi kuma 31 ga Maris 2026. Tun lokacin surutun ya tsaya kan wane banki zai haɗiye wane. Ma'aikaci kuwa, wanda shi ke fara ɗanɗana kuɗarsa duk sanda aka yi irin wannan, ba a cika jin zancensa ba.

Da can aikin banki sarauta ce. Wanda ya samu kujera a Bank of the North a Kano, ko a First Bank, an san kakarsa ta yanke saƙa: albashi mai tsoka, bashin mota, bashin gida, ga fansho. Mutum ya shiga yana akawu, ya fito yana manaja. Bayan tsarin SAP na Babangida a 1986 aka saki lasisi, bankuna suka haura 100, suna ƙwacen ma'aikata da ƙarin albashi. Ba a je ko'ina ba ruwa ya ƙare wa ɗan kada. A Janairun 1998 kaɗai an rufe bankuna 26.

Sai ga Soludo a 2004 da jarinsa na biliyan 25. Kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 sun koma 25, Bank of the North ma ya narke cikin Unity Bank. Lissafin a fili yake: in bankuna biyu masu reshe a titi ɗaya suka haɗe, reshe ɗaya zai rage, manaja ɗaya. A Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi ya tsige shugabannin bankuna biyar, daga baya ya ƙara, aka zuba wajen biliyan 620 don ceto. Bankunan an cece su. Dubban ma'aikata dai takardar sallama suka karɓa.

To amma canjin da ya fi cin rai a hankali ya shigo, babu sanarwa. Kwantiragi. Yarinyar da ke ƙirga maka kuɗi a kanta, sanye da kalar banki, sau da yawa ba ma'aikaciyar bankin ba ce. Wani kamfani ne ya ɗauke ta ya ba banki haya. Aiki iri ɗaya take yi da na kusa da ita, albashinta bai kama ƙafar nasa ba, ƙarin girma babu, kuma ranar da aka ce a rage hannu ita ce a gaba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 sun nuna ma'aikatan banki sun ɗan haura dubu 100, sama da kashi 40 cikin 100 'yan kwantiragi ne. A 2020, lokacin kullen korona, da marigayi Herbert Wigwe na Access Bank ya yi maganar rage irin waɗannan ma'aikata, sai da Babban Banki ya sa baki aka dakatar da kora. Don haka uban da ɗansa ya ce ya samu aikin banki a Ikko ko Fatakwal, kafin a raba goron murna, ya duba sunan wane kamfani ne a saman takardar.

Sauran aikin kuwa ya fito titi. Ka bi hanyar Karmo zuwa Gwagwa da Dei-Dei ranar kasuwa, lema bayan lema ce, kamar dai yadda ake gani a Agege da Mile 12 da Sabon Ibadan. Tun 2013 Babban Banki ya fitar da ƙa'idar wakilan banki, amma ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ne ya mai da mai POS ɗan gata. Aikin kashiya yake yi, sak. Bambancin shi ne haɗarin duk a kansa yake: alat na bogi, kuɗin da ya maƙale, ɓarayi. Yaran da ke zama wa mai na'ura kuma, kada ma a kawo maganar mafi ƙarancin albashi na dubu 70, domin dokar ta cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin kamasho.

'Yan canji, sana'ar da mutanenmu suka riƙe daga Wapa zuwa Zone 4 zuwa Ikeja, su ma iskar ta kaɗa su. A Yulin 2021 Emefiele ya daina sayar musu da dala. A Maris 2024 aka soke lasisi 4,173 a tashi ɗaya, sannan aka yanka sabon jari: biliyan 2 ga manya, miliyan 500 ga na ƙasa da su. Wa ke da wannan a cikin masu tsayuwa bakin titi? A ganina ƙarshenta ƙaramin ɗan canji yaron babba zai koma, yana cin la'ada.

Wannan zagayen ma ya fara cin nasa rabon. An soke lasisin Heritage Bank a Yunin 2024, a Agusta kuma Babban Banki ya amince da tallafin haɗe Unity Bank da Providus, wato narkewar magajin Bank of the North karo na biyu ke nan. Masu cikakken aiki suna da ƙungiyoyinsu, ASSBIFI da NUBIFIE, da za su zauna a yi cinikin kuɗin sallama. Ɗan kwantiragi kam sai dai kamfanin da ya kawo shi ya kira shi a waya ya ce kada ya fito ranar Litinin.